Ruwan da ke tsattsafowa ta gindin notin kulas ba ƙarin ɗauri yake so ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan wata matsala da ke cin kuɗin masu motoci da masu injuna a nan Arewacin Kamaru har zuwa Cadi, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 ko a inuwa. An sauke inji, an yi masa gyaran sama da ƙasa, an mayar, an tayar, yana bugawa lafiya lau. Bayan kwana biyu sai a ga ɗigon ruwa kamar ƙwayar gero ya tsaya a gindin ɗaya daga cikin notunan da ke danne kan injin. A share da tsumma, kafin a gama shan shayi ya dawo. Washegari a iske siririn layi mai launin tsatsa ya gangaro ta jikin blok, bakinsa ya yi fari-fari kamar kanwa. Abin da aka saba yi shi ne a zura dogon bututu a hannun sifana, a hau kan notin a ƙara masa ɗauri, in bai tsaya ba a dame shi da silikon. Dukansu biyu kuskure ne, kuma su ne ke mayar da aikin yini guda ya zama neman sabon blok.

Tun da jaridar nan ana karanta ta ta kowane ɓangaren iyaka, bari mu daidaita sunaye. Kan inji, wanda makanikan Yola da Mubi ke ce wa top, mu a nan kulas muke kiransa. Gaskit ɗin da ke tsakaninsa da blok shi ne jwan. Gujon kuwa shi ne ƙarfen nan mai zare a kai da gindi, wanda ake dasa gindinsa a blok, a zura kulas ta kansa, a ɗaure da noti daga sama. Wasu injunan ba gujon suke da shi ba, dogayen kusoshi ne masu kai, amma yawancin abin da za mu faɗa ya haɗa su duka.

Ruwan da aka gani a gindin noti daga ƙasa ya hauro. Ramin da gujon ke bi a cikin kulas ya fi gujon ɗin faɗi da kamar milimita ɗaya, to ta wannan tazarar yake hawa. Abin da ke tura shi matsin da ke cikin lagireto ne. Murfin lagireton yawancin motocin da muke gani yana riƙe bar 0.9 ko 1.1, an buga adadin a kansa, kuma da wannan matsin ne ruwa ke kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Bar ɗaya yana iya tura ruwa sama har mita 10, balle gujon da tsawonsa bai wuce taƙi ba. Saboda haka tambayar ita ce ta wace ƙofa ruwan ya shiga ramin tun daga ƙasa.

Ƙofa ta farko, wadda ta fi sauƙin magani, zaren gujon ne da kansa. A wasu injuna ramin da ake dasa gujon ba shi da ƙasa, a buɗe yake kai tsaye zuwa hanyar ruwa ta cikin blok. Haka aka ƙera su. Sanannen misali shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet da aka fara ƙerawa a Amurka a 1955, wanda littafinsa ma ya ce a shafa wa zaren maganin toshewa kafin a ɗaure. Zare kuwa ba ya riƙe ruwa shi kaɗai. Komai ɗaurinsa, akwai siririyar hanya da ke zagayowa tsakanin tsinin zaren gujon da kwarin zaren blok, kamar matakalar hasumiya. Shekara da shekaru tsatsa da datti sun toshe ta, shi ya sa tsohon injin bai taɓa yoyo ta nan ba. Da aka zo gyara aka wanke da gas, aka bi da burushin waya, sai hanyar ta buɗe. Mai mota ya ce makanike ya ɓata masa inji, alhali wankin ne ya tona abin da tsatsa ta rufe.

A yankinmu akwai ƙarin dalili. Ramin da aka ƙera a rufe ma yakan koma buɗaɗɗe. Gujon ya karye a ciki, aka ɗauko injin huji za a cire guntun, hannu ya zarce, bakin hujin ya fasa ƙasan ramin ya leƙa cikin ruwa. Ko kuma shekarun da aka yi ana ɗura ruwan rijiya da na Binuwai sun cinye bangon daga ciki har ya yi siriri, ɗauri na farko ya ƙarasa shi.

Ƙofa ta biyu jwan ne da bai samu danni ba a tsakanin ramin ruwa da ramin gujon, waɗanda sau da yawa tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Ta uku, wadda ba a fata, tsagewa ce a blok ko a kulas, da ta taso daga bakin ramin gujon ta nufi ramin ruwa.

Duba yanzu abin da ƙarin ɗauri yake yi wa kowacce. Idan zare ne, ko ka ɗaure har jijiyar wuyanka ta fito hanyar nan mai zagayawa tana nan. Idan tsagewa ce, ka ƙara buɗe ta. Idan jwan ne, ɗaure noti ɗaya fiye da maƙwabtansa yana karkatar da kulas, ya ɗaga shi ta wani gefen, ya kuma matse bakin silinda ya daina zama da'ira, sabbin ringin da aka saka su fara barin mai yana wucewa. Bayan wannan ga zaren blok da ke tsigowa, ga gujon da ke miƙewa har ya yi ƙugu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kafin a taɓa sifana, a bar injin ya huce sarai. A wanke wurin, a busar da iska, a barbaɗa garin alli ko hoda a kewayen notunan da kuma layin jwan. Sai a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto a hura zuwa adadin da ke kan murfin, kada a wuce shi da yawa, a zuba wa allurar ido minti 15. Wanda ba shi da famfon gwaji yana iya dasa bawul ɗin taya a wani ƙaramin tiyo ya hura da famfon keke mai agogo. Kada dai a kuskura a jona iskar mai faci kai tsaye, domin tana kaiwa bar 6 zuwa 8, za ta kumbura lagireton ta fasa shi. Inda allin ya fara jiƙewa nan ne mafari. Sau da yawa za a tarar gujon ɗin ba ruwansa: bakin tiyo na sama ne, ko gidan tamostat, ke ɗigowa, fanka ta kaɗa ruwan baya ya taru a kwarmin noti. A wasu kulas ɗin gujon da ke riƙe bututun hayaƙi ma yana shiga cikin ruwa. A wasu injunan dizal kuma nozul yana zaune ne cikin kwanson tagulla wanda ruwa ke kewaye da shi, in kwanson ya saki ruwan zai fito dab da notin kulas ya ɗora masa laifi.

Daga nan a buɗe murfin bawul. Rabin notunan ko fiye suna ƙarƙashinsa, kuma ruwan da ya fito ta can ba ƙasa yake zuba ba, cikin baƙin mai yake gangarawa. A zaro sandar awon mai a duba. In man ya koma launin shayi da madara, a kashe injin nan take, domin ruwa a cikin mai, balle mai haɗe da maganin lagireto, ba ya ɗaukar lokaci yake cinye metal, wato kwanson da babban ƙarfen inji ke juyawa a cikinsu. A cika lagireto, a tayar da injin a sanyaye ba murfi, a ɗan ba shi wuta a kalli bakin. Kumfa mai fitowa a jere ba yankewa, ko tiyon sama da ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu in an rufe, alama ce iskar ƙonewa tana shiga ruwa. Haka farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da wata gajeriyar hanya, sai an sauke kulas.

In kuwa mai fes yake, ba kumfa, ba hayaƙi, noti ɗaya ko biyu ne kawai ke jiƙa alli, to zancen zare ya yi ƙarfi, kuma ana iya gyarawa kulas yana zaune a wurinsa. Ga yadda ake yi. A zubar da ruwan gaba ɗaya, ba ta ƙasan lagireto kaɗai ba, har ta notin zubarwa da ke gefen blok, domin in ruwa bai sauka ƙasa da ramin ba, ana zare gujon zai biyo. A kwance noti ɗaya tak, sauran su ci gaba da danne jwan. A haɗa noti biyu a kan gujon, a matse su da juna, a juya na ƙasan, gujon zai fito. Sai a zura siririyar waya a ramin a auna zurfinsa da na gujon. In wayar ta wuce ta faɗa sarari, ramin a buɗe yake, an samu mai laifi. In ta tsaya a ƙasa mai tauri amma ramin cike yake da ruwa, a busar da shi, a mayar da ruwa da matsi, a haska tocila a ga ta inda yake tsattsafowa: daga can ƙasa ko daga daidai layin jwan. Na biyun yana nufin sai an sauke.

A wanke ramin da feshin wanke birki ko tina, a bi da iska ta dogon siririn bututu har ya bushe ƙayau. Wannan shi ne wurin da aka fi yin ha'inci, kuma shi ke sa aikin ya ƙi. Ba maganin da ke kama jiƙaƙƙen zare ko mai maiƙo. A goge zaren gujon da burushin waya, a wanke shi shi ma. A shafa maganin a zaren gindi kawai, ya zagaye shi duka, iya tsawon da zai shiga blok, shafi mai cika kwarin zare ba mai tsiyaya ba. A mayar da gujon da hannu har ya zauna. A sa washa da noti, a ɗaure a mataki uku zuwa cikakken awon da littafin injin ya faɗa, tun maganin bai fara kamawa ba, domin gujon ya daidaita kansa a ƙarƙashin ja. Sai an gama da wannan sannan a taɓa na gaba. In za a bi su duka, a bi tsarin ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe. Daga nan a bar injin ya kwana ba ruwa. Direba zai yi ta kai da kawo yana cewa lodi na jiransa a Ngaundare, a ba shi haƙuri.

Wane magani? Wanda aka yi domin toshe zare, farin nan mai kauri mai teflon a ciki, irin su Loctite 567 ko na Permatex, ko kuma mai danƙon nan da ba ya bushewa, Permatex mai lamba 3. Abu uku ne ba mu yarda da su ba. Zaren teflon na masu gyaran famfo an yi shi ne domin zaren bututu mai tsukewa, a gujon yagewa yake yi ya tattare, guntayensa su tafi cikin ruwa. Silikon yana son fili mai faɗi, a cikin zare murjewa yake yi, abin da ya yi saura ya faɗa cikin ruwa ya je ya toshe bututun lagireto. Jan Loctite na kulle noti kuwa riƙe gujon zai yi riƙon da sai an gasa shi da wuta wajen digiri 250 kafin ya saki, wanda zai buɗe injin nan gaba ba zai sa maka albarka ba.

Gujon ba a ɗaure shi a blok da ƙarfi. Aikinsa ja ne, noti ke yin ɗaurin. Wanda ya murɗa shi da sifana har ƙarshen zarensa ya nutse a bakin rami ya kafa wa bakin weji, daga nan tsagewa ke farawa. Zaren sama da ƙasan noti da fuskar washa kuma a ɗiga musu baƙin mai kaɗan, sai fa in littafin ya ce a bushe. Dalili shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, ɗan ragowar ne ke danne kulas. Busasshen noti mai tsatsa zai sa sifana mai awo ta yi ƙara alhali danni bai kai ba. Man moli kuma, wato giris mai sinadarin molibdenum, ya fi baƙin mai santsi, in ka ɗaure da shi a kan awon da aka rubuta domin baƙin mai ka wuce iyaka ba ka sani ba.

Idan ta kama a sauke kulas, a kwance notunan daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, injin a sanyaye. Kada a yar da tsohon jwan, a karanta shi. Inda ya samu danni za a ga sawun ƙarfe ya fito sosai, inda ruwa ya bi za a ga dusashen wuri da layin tsatsa daga ramin ruwa zuwa na gujon. A cire gujon duka, a kankare fuskar blok da ta kulas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada zura ma'aunin tazarar bawul a ƙarƙashi. Iyakar da ake yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 da 0.20, gwargwadon injin. Sannan a bi bakin kowane ramin gujon da farce. A tsohon blok za a ji wani ɗan tudu ya kewaye ramin kamar bakin tulu, zaren farko ne da shekarun ɗauri suka jawo sama. Ido ba ya cika ganinsa, amma ya isa ya tokare kulas ya hana jwan kwanciya daidai inda ramin ruwa yake. A ɗauko bakin huji wanda ya fi ramin girma a juya shi da hannu sau biyu ko uku ya share tudun, a bi da dutsen wasa mai laushi a kwance.

Tsagewa kuma akwai tsohuwar dabarar gano ta wadda ba ta cin ko dala. A shafa kananzir a wurin, a bar shi minti 10, a goge ya bushe, a murza alli. Kananzir ɗin da ya shige tsagar zai dawo ya zana ta a kan allin kamar gashi. Kulas dai gara a kai shi inda ake toshe ƙofofinsa a hura masa iska a cikin ruwan zafi, domin wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗumama.

Zaren blok ana share shi ne, ba a sake yanka shi. Sabon ƙarfen yanka zare yana ɗebe nama, gujon ya koma yana rawa a ciki, hanyar ruwa ta ƙara faɗi. Tsohon gujon mai lafiya da aka yi wa tsaga biyu ko uku a tsaye da zarto ya wadatar, a shigar a fitar ana wankewa. Rufaffen rami kuma dole a tsotse shi tas. Mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasansa ba ya matsuwa, in kusa ta sauko a kansa ko dai sifana ta yi ƙarar ƙarya, ko blok ya tsage daga ciki. Inda zare ya cinye, a sa masa sabon gida. Helicoil waya ce naɗaɗɗiya, tana riƙe ɗauri amma ruwa yana bin ta ciki da waje, saboda haka a ramin da ke buɗe ga ruwa gara kwanson ƙarfe mai zare ciki da baya, a shafa masa magani ta bayan. A huda shi a kan tebur, a miƙe, ba da hannu a tsaye a kan mota ba. A baƙin ƙarfe gujon yana son ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, wato mai milimita 12 ya shiga 18.

Shi kansa gujon a duba shi. A mirgina shi a kan gilashi a ga ko ya lanƙwashe. Wanda tsatsa ta yi wa zanen ƙyanda, ko ya yi ƙugu a tsakiya, a yar. Kuma don Allah a daina yanko sandar zare ta kasuwar kayan gini, ko a ba mai tuwa, wato injin fere ƙarfe, ya fere rodi a ce an yi gujon. Irin wannan ƙarfen ajinsa 4.6 ne ko 4.8, kulas kuwa yana son 10.9 ko sama, ƙarfin na kasuwar bai kai rabin wannan ba. Zai ɗauru yau, zafi na farko ya miƙe ya saki jwan. A kula da irin zaren ma. Gujon mai milimita 12, wato M12, kaɗai an saba ganinsa da tazarar zare iri uku, milimita 1.25 da 1.5 da 1.75, tsofaffin Perkins na taraktocin Massey Ferguson da ke gonakin auduga kuwa zarensu na inci ne. Gujon da ya ƙi shiga da yatsu bayan zagaye biyu ba na ramin ba ne.

Akwai wani tarko da ke biyo bayan an kai kulas ko blok an fere fuskarsa. Kauri ya ragu, amma tsawon gujon yana nan. Noti sai ya kai ƙarshen zare ya tsaya a kan sumul ɗin jikin gujon, ko kusa ta taɓo ƙasan rami, ko ƙananan kwanson da ke saita kulas a kan blok su yi tsawo su tokare shi. Sifana za ta nuna awo ya cika, jwan kuwa ko rabin danninsa bai samu ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗora kulas ba jwan, a sauke notunan da hannu, kowanne ya kama washarsa ta kasa juyawa. Wanda washarsa ke yawo, a ƙara masa washa mai tauri ko a rage tsawon.

Jwan na zamani a bushe ake sa shi, ba giris, ba silikon. A duba rubutun TOP ko FRONT a jikinsa, a kuma gwada ramukansa da na blok ɗaya bayan ɗaya, domin jwan ɗin injuna masu kama da juna yakan zauna daram amma ramin ruwa ɗaya ya goce. A dizal kaurinsa ya danganta da yadda piston ke leƙowa sama da blok, shi ya sa Toyota ke yin kauri daban-daban da alama a gefe. Ɗauri daga tsakiya ake farawa ana zagayawa waje. Injunan Hilux da Hiace irin 2L da 3L ana kai awon ɗaurin kusoshinsu Nm 78, abin da muke ce wa kilo 8, sai a ƙara kwata ɗin zagaye, digiri 90, a bi su duka, a sake ƙara wani 90. Na Land Cruiser 1HZ Nm 69 ne, kilo 7, shi ma da 90 sau biyu. A ɗiga fenti a kan kowace kusa ta gaba domin a san wadda aka juya. Irin waɗannan kusoshin miƙewa suke yi da gangan, ba a sake bin su da sifana bayan inji ya yi aiki, kuma wadda ta sirance a canza ta.

Tsofaffin injuna masu gujon da noti su ne ke son a sake bi bayan zafin farko, domin jwan ɗinsu yana ɗan kwanciya. A sassauta noti ɗaya kwata, a mayar da shi awo a ja ɗaya ba tsayawa, a wuce na gaba. Kulas na alminiyom sai ya huce sarai, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Bayan an gama a sake saita bawul, kulas ya sauka, tazarar ta ragu.

Masu Peugeot 504 ta fetur su yi hattara ta musamman. Silindarta kwanso ne da ke tsaye cikin ruwa, kulas ne ke danne shi. In aka ɗaga kulas tsaye kwanson yakan biyo shi, abin toshewar da ke gindinsa ya motsa, ruwa ya gangara cikin mai. Ana goce kulas ɗin gefe ne tukuna, a kuma danne kwanson da manyan washa kafin a juya inji. Injunan Sin masu silinda ɗaya na niƙa da ban ruwa, irin S195, su ma kwanso ne mai zoben roba a gindi. Tukunyar ruwansu a buɗe take, ba matsi, saboda haka in ruwa na fita da ƙarfi ta gindin noti ana aiki, a zargi jwan ko tsagewa kafin zare.

Sai maganar abin da ake zubawa a lagireto: ƙwai, garin barkono, garin rogo, sabulu. Yoyon zai iya tsayawa kwana uku, amma abin da ya toshe hanya mai siririn gashi zai fara toshe bututun lagireto, a kan hanyar Mora zuwa Kusiri da tsakar rana kuwa ba a wasa da ko bututu ɗaya. Na kanti da aka yi domin wannan aikin yana iya kashe ɗan gumi a zare, tsagewa dai ba ya ɗinke ta. Haka masu sa washar tagulla da rufaffen noti, ko su cika ramin da silikon daga sama. Ido ya huta, amma ruwan yana nan tsaye a kewayen gujon yana cin sa, shekara ta zagayo tsatsa ta haɗe gujon da kulas sai da guduma da wuta. Tagulla kuma laushi gare ta, tana kwanciya a ƙarƙashin noti danni ya ragu.

Ranar zuba ruwa a nemi tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, ko ruwan sama mai tsabta, a haɗa da maganin lagireto, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Mu a nan ba ƙanƙara muke tsoro ba, tsatsa muke gudu, kuma launinsa yana nuna yoyo tun yana ƙarami. Zaƙi gare shi amma guba ne, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yara da awaki ke kai baki. A mayar da tamostat, cire shi da ake yi ba ya maganin zafin inji, hana shi kaiwa zafin aikinsa yake yi. A zuba a hankali, a bar injin yana aiki ba murfi har tiyon sama ya yi zafi iska ta fita, a cika, a rufe da murfi mai adadin da ya dace, robarsa ba ta tsage ba. In ruwa ya taɓa shiga mai, a canza mai da matatarsa yanzu, a sake canzawa bayan 'yar gajeriyar tafiya. A sake barbaɗa alli, a yi gwajin matsi a sanyaye, a ɗora wa motar kaya a hau tudu da ita har ta yi zafi sosai, a bar ta ta kwana. Da safe, kafin a tayar, a duba allin, a duba sandar mai, a buɗe murfi a ga ko ruwan yana inda aka bar shi.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wasu makanikan injin dizal da fetur,
Garwa, Arewacin Kamaru.